Aiki yayi kyau amma mutum ya kasa tashi: maganar tsoka bayan tiyatar ciki ta gaggawa

Likita zai fito daga dakin tiyata yace aiki yayi kyau, an yanke inda hanjin ya lalace an hada, an wanke cikin an dinke, kuma gaskiya ya fada ba wai lallashin dangi yake ba. Amma sai kaga an kwashe sati biyu, uku, mutum yana gado ko zama ya kasa yi da kansa, yau ace huhu ya kama, gobe ace dinkin yana ruwa, jibi ace ya fara sambatu baya gane mutane, nan dangi zasu fara kus-kus ko dai anyi kuskure a aikin ne ake boye musu. Wani lokacin kam akwai kuskuren, ba a musu. Amma sau da yawa abinda ya kayar da mutum tun kafin wuka ta taba shi yake tare dashi, kuma ba a hanjin yake ba, a cinyoyinsa da damtsensa da gadon bayansa yake, wato tsokarsa ce ta riga ta zaizaye ba wanda ya lura.

Ita tiyatar ciki ta gaggawa dama can ba wasa bace. Ina nufin irin wadda ake buda ciki saboda hanji ya toshe, ko ya huje (olsa da taifot da ciwon daji, wato kansa, duk suna jawo haka), ko kaba ta shake hanji, ko afendis ya fashe kazanta ta watsu a ciki, ko jini ya daina kaiwa wani bangare na hanji har ya mutu. A Ingila da Wales akwai wani shiri da ake kira NELA, tun karshen 2013 suke bin diddigin wadanda aka yiwa irin wannan babban aiki, a farkon shirin kashi 11.8 cikin 100 ne ke rasuwa cikin kwana 30, daga baya da aka gyara tsari ya sauko wajen kashi 9. Wannan fa a inda kayan aiki suka wadata kenan. Binciken GlobalSurg da ya fito a 2016, wanda ya hada marasa lafiya sama da 10,000 a kasashe 58, ya samu kashi 4.5 a kasashe masu hali, kashi 8.6 a kasashe marasa karfi, shi alkalumansa sunfi kasa ne don ya hada har da ayyuka masu dan sauki irin cire afendis. Wanda aka sawa ranar aiki yana da sati uku ko hudu ya ci da kyau, ya motsa jiki, ya ajiye sigari, a daidaita masa suga da jini. Na gaggawa kuwa awowi ne dashi, yadda ya zo haka za a shiga dashi, da abinda ke jikinsa zai yi fadan.

Likitoci suna ce wa wannan zaizayewar tsoka sakofiniya, wani masanin abinci mai gina jiki a Amurka, Irwin Rosenberg, shi ya rada mata sunan a 1989. Daga shekara 30 mutum kan fara rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa duk shekara 10, in ya haura 60 sai abin ya kara gudu. Da can ana daukarta a matsayin tsufa kawai, sai a 2016 aka bata lambarta a jerin cututtukan da asibitocin Amurka ke aiki dashi. Kwamitin masana na Turai a ka'idar da suka fitar a 2019 suka ce karfi za a fara dubawa kafin girman tsoka: in namiji ya matse na'urar gwada damka bai kai kilo 27 ba, ko mace bata kai kilo 16 ba, ko mutum ya dauki fiye da dakika 15 kafin ya tashi daga kujera ya zauna sau 5 ba tare da dafa komai ba, to akwai magana. Kuma kar wani yace ai wannan ciwon tsofaffi ne, dan shekara 40 mai ciwon kansa ko tarin fuka ko ciwon koda ko hanta ko suga da ya dade, ko wanda ya jima baya samun abinci mai kyau, ko wanda yake shan kwayoyin rage kumburi irin sitiroyid tsawon lokaci, zai iya fin wani dan 70 mai zirga-zirgarsa raunin tsoka.

Wanda yafi yaudarar ido shine mai kiba. Ana kallonsa ace ai wannan yana da jiki zai jure, alhali kitse ne ya lullube 'yar tsokar da ta rage, sikeli kuma baya bambance kitse da tsoka balle ruwan da ya taru a jiki. Ramamme kowa zai tausaya masa a tashi neman abinda zai ci, mai kiba kuwa har cewa ake gara ma ya dan rage.

To me ya hada tsokar cinya da warkewar hanji? Mu dai mun dauki tsoka a matsayin abin daukar kaya da tafiya, amma a wajen jiki tana da wani aikin daban. Jiki yana da inda yake ajiye kitse, yana da 'yar ajiyar suga a hanta wadda bata wuce ta kwana daya ba in mutum baya ci, amma furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, bashi da wata ma'ajiya ta daban ko kadan, duk furotin da ke jikinka aiki yake yi a wani wuri, kuma mafi yawansa a tsoka yake, wadda ita ce wajen kashi 40 cikin 100 na nauyin lafiyayyen mutum. Ranar da aka yanka ciki, ga kwayoyin cuta sun shiga jini, jiki na bukatar furotin da gaggawa, hanta na so ta kera sinadaran fada da cuta, ana so a ninka fararen kwayoyin jini, ana so a saka sabon nama inda aka dinke hanji da fatar ciki, kwakwalwa kuma na neman suga wanda in babu abinci daga furotin za a hada shi. Ina za a samo? Sai jiki ya juya kan tsokarsa ya fara warwareta. Kamar wanda itace ya kare masa cikin tsananin sanyi ne ya fara zare azarar dakinsa yana hura wuta, mai daki da azara da yawa zai kai safe, wanda dama rufin nasa guda hudu ke rike dashi kan ya ankara ya rufto masa.

Ba yau aka gano wannan ba. David Cuthbertson a Glasgow tun shekarun 1930 ya lura cewa mutanen da suka karye a babban kashi suna zubar da sinadarin naitirojin mai yawa a fitsari, wanda daga narkewar furotin yake fitowa, fiye da abinda wurin karayar kadai zai iya bayarwa, ashe tsokar jiki gaba daya ce ke narkewa. Sinadaran tashin hankali irin kotisol da adirenalin da na kumburi su ke bada wannan umarni, kuma abin haushin shine ko ka cika mutum da abinci a kwanakin farko ba zaka tsayar da narkewar gaba daya ba, ragewa kawai zaka yi.

Yanzu ka hada wannan da halin da mai aikin gaggawa ke zuwa a ciki. Wanda hanjinsa ya toshe yawanci ya kwana uku ko biyar yana amai baya rike komai, in kansa ce sanadi ma watanni yayi yana ramewa a hankali. An yi aiki, hanji yayi barci na wasu kwanaki, ga robar hanci, ga zafin ciwo, sai kwanciya. Ita kanta kwanciyar cin tsoka take. A wani gwaji da aka buga a 2007 an kwantar da lafiyayyun dattawa masu kimanin shekara 67 a gado kwana 10, suna cin abincinsu daidai, babu ciwo babu tiyata, suka rasa kusan kilo 1 na tsokar kafafu. Wani binciken na 2013 a Landan ya auna tsokar gaban cinyar wadanda ke dakin kulawa ta musamman ya tarar ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana 10, kuma wadanda gabobinsu da yawa suka gaza sunfi saurin zubewa. Kwana 10 fa. Abinda tsufa zai dauki shekaru yana ci a hankali, gadon asibiti ya cinye shi kafin a cire zaren dinki. Ga kuma wata matsalar ta tsofaffi, tsokarsu bata amsa furotin kamar ta matashi, abinda zai ishi saurayi ya gina tsoka, dattijo sai ya kara a kai kuma sai ya hada da motsi.

Inda abin yafi fitowa fili shine numfashi. Numfashi aikin tsoka ne, akwai faffadar tsokar da ta raba kirji da ciki, akwai na tsakanin hakarkari, tari kuma da tsokar ciki ake yinsa, ita wannan da aka tsaga daga kasan kirji zuwa kasan cibiya. Ka tsaya gefen gadon wanda aka yiwa aiki jiya ka gani, nas zata bashi matashin kai ya rungume a kan dinkin tace Baba ja numfashi sosai ka yi tari, zaka ga ya runtse ido, ya tattaro karfinsa, in da sauran tsoka tarin zai fito da kara kaki ya biyo, in babu sai kaji wani dan kuh-kuh a makogwaro, kana jin kakin yana kurkur a kirji amma ya ki tasowa. Wannan kakin da ya zauna, tare da kasan huhun da ya lafe saboda gajeren numfashi, shine gidan namoniya. In an sa mutum a na'urar numfashi kuma, cire shi sai ya zama aiki, don tsokar numfashin tana kara lalacewa a 'yan kwanakin da na'ura ke yi mata aikinta. Hadiya ma tsoka ce, mai rauni yana kurbar ruwa ya kware, ya wuce huhu, wata namoniyar kenan.

Sauran kuma suna biyo baya ne. Dinki baya kamawa da wuri in kayan gini sun yi karanci, garkuwar jiki tayi sanyi ciwo ya yi ruwa. Tsoka ce ke kwashe mafi yawan sugan jini bayan an ci abinci, in ta ragu ga kuma tiyata ta sa insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, baya aiki sosai, sai suga ya hau ko ga wanda bashi da ciwon, shi kuma yawan suga abokin kwayoyin cuta ne. Wanda baya iya juya kansa a gado sai gyambon kwanciya, jini ya daskare a jijiyar kafa, in ya yunkura zuwa bandaki ya fadi. Akwai ma wani dan tarko da ba kowa ya sani ba, gwajin koda da aka fi yi yana auna wani abu ne da ake kira kiriyatinin, kuma daga tsoka yake fitowa, don haka mai karancin tsoka sakamakonsa zai iya nuna koda lafiya lau alhali ta fara gazawa, in ba a yi hattara ba a bashi magani fiye da yadda kodar zata iya fitarwa.

To a cikin gaggawa wa zai tsaya cewa mutum ya tashi daga kujera sau 5 yana murkususun ciwon ciki? Babu. Shi yasa hankalin masu bincike ya koma kan hoton siti sikan, mai nuna cikin jiki yanka-yanka, wanda a asibitocin da ke dashi dama ana yinsa kafin a shiga aiki don a ga me ya toshe ko me ya huje. A cikin hoton ana daukar yanka daya daidai kashi na 3 na kashin bayan kugu, zaka ga kashin fari tas a tsakiya, a gefensa hagu da dama akwai wasu dunkule biyu masu ruwan toka, tsokar da ke daga cinya ce ake kiranta sowas. A mai karfi zaka gansu a cike mulmul, girmansu ya kusa na kashin, a wanda ya zaizaye kuwa sun motse sun zama 'yan siraran abu, wani lokacin launin ma ya dushe yayi dabbare-dabbare saboda kitse ya ratsa cikin naman. Minti kadan ake aunawa, ba karin kudi ba karin haske a jikin mara lafiya tunda hoton yana nan. Kuma da aka tattara binciken da aka yi a kasashe daban-daban, abinda ke ta maimaituwa shine masu karancin tsoka a wannan hoton hadarin rasuwarsu cikin kwana 30 bayan aikin gaggawa ya kai kusan ninki biyu na sauran, sunfi dadewa a asibiti, sunfi shiga dakin kulawa ta musamman, kuma tazarar bata rufewa ko bayan shekara.

Sai dai a nan ne nake ganin ya kamata a taka a hankali. Na farko, masu binciken nan kowa da inda ya ja layinsa na cewa daga nan tsoka tayi kadan, kuma layin da aka samo daga jikin Turawa ba lallai ya dace da mutumin Asiya ko Afirka ba, an ma san na Asiya sun fitar da nasu ma'aunin daban. Na biyu, sowas tsoka daya ce karama, ciwon baya ko na kugu na iya motsar da ita alhali sauran jikin da dama-dama. Na uku, wanda tsokarsa ta kare yawanci akwai abinda ya cinyeta, kansa ko ciwon zuciya ko koda, to wani kaso na hadarin daga wancan ciwon yake, duk da cewa ko an cire tasirin shekaru da sauran cututtuka a lissafi, tsokar tana nan da nata kason. Abinda bana so shine a mayar da wannan awo hujjar cewa wane ba zai yi ba a kyale shi. Ninki biyu na hadari ba yana nufin mutuwa tabbas ba, mafi yawansu suna tashi. Amfanin awon shine asibiti ya san wa zai sawa ido tun daga daren farko, babban likita ya shiga aikin da kansa, a tanadi gado a dakin kulawa ta musamman tun kafin abu ya baci, a kira masu kula da abinci da masu gashin kashi da motsa jiki tun washegari ba sai an ga ya kasa tashi ba, sannan a zauna da dangi a fada musu gaskiyar tsawon tafiyar. Wani lokacin ma awon kan sa likita ya canza dabara, maimakon ya hada hanjin da yake tsoron ba zai kama ba sai ya fito dashi ta gefen ciki a sa leda na wani lokaci.

Maganar abinci kuwa akwai rudani a cikinta sosai. Mutane da yawa in sun ga karin ruwa a rataye sai su dauka ana ciyar da mara lafiya ne. Lita daya ta ruwan suga mai kashi 5 giram 50 na suga ne kacal a ciki, kalori bai wuce 200 ba, furotin kuma ko digo, babban mutum a kwance yana bukatar ninkin wannan sau bakwai ko fiye a rana. Tsohon tsari shine a hana mutum komai sai hanji ya motsa sosai, amma tun shekarun 1990 da likitan Denmark Henrik Kehlet ya fara tsarin saurin farfadowa bayan tiyata, aka gane fara ci da wuri da tashi da wuri sunfi alheri, kuma daga 2021 aka fara fitar da ka'idojin wannan tsari na musamman don aikin ciki na gaggawa. In baki ba zai yiwu ba akwai robar ciyarwa, in hanji ya ki aiki kwanaki suna ja akwai abinci ta jijiya. Dattijo mara lafiya ana so ya samu furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kowane kilo na nauyinsa a rana, mai kilo 60 kenan yana neman giram 72 zuwa 90, kwai daya kuwa giram 6 ne, kaga ba abu ne da ruwan shayi da dan romo zasu cike ba.

Amma kuma ba a dura. Wanda ya dade bai ci ba in aka cika shi da abinci lokaci guda, sinadaran jininsa irin fosfet da fotashiyam na iya faduwa warwas har zuciya ta rikice, shi yasa ake farawa kadan-kadan ana gwada jini. Wani babban gwaji da aka buga a 2023 a kan masu tsananin ciwo da ke kan na'urar numfashi ya nuna loda furotin fiye da kima bai sa sun fita asibiti da wuri ba, masu raunin koda ma kamar cutar dasu yayi. Haka motsi, gwajin 2022 a irin wadannan marasa lafiya ya nuna matsa musu da motsa jiki fiye da yadda aka saba bai kara komai ba sai 'yan matsaloli. Wato dai ba gasa bace, abinda ake so kar a bar mutum shimfide ne kawai. Yau ya zauna a bakin gado kafafu na lilo, gobe ya koma kujera, jibi ya taka zuwa kofa da mutum biyu a gefensa, kuma duk wannan ba zai yiwu ba sai an kashe masa zafin ciwo yadda ya kamata, don ba wanda zai yi tari ko ya mike ciki na yankarsa. Masu jinya a nan suna da laifinsu na kauna, a hana shi motsi wai kar dinki ya balle, a bashi ruwa a baki, a daga shi a kwantar, abinda zai iya yi da kansa ma a karbe. Tafiya a hankali bata balle dinki.

Akwai kuma bayanin da dangi kadai ke dashi wanda ya kamata su fada ko ba a tambaye su ba, wato yaya mutumin yake sati biyu ko wata daya kafin ciwon. Yana fita da kansa? Yana hawa bene? Sai ya dafa gwiwa ko bango yake mikewa? Kayansa sun yi masa yawa a 'yan watannin nan? Ya fadi kwanan nan? Likitan da ya fara ganinsa da karfe biyun dare a kwance yana nishi bashi da hanyar sanin wannan, kuma amsar tana canza shirin da za a yi.

Sallama daga asibiti ma ba ita ce karshen zancen ba. Fata kan hade cikin sati biyu, amma tsokar da ta tafi a kwana 10 tana iya daukar watanni kafin ta dawo, wasu tsofaffin ma basa komawa yadda suke, wanda ya zo asibiti da kafarsa sai ya koma gida sai an kama shi zuwa bandaki. Ana hana daukar abu mai nauyi na kamar sati 6 saboda kar wajen dinkin ya zama kaba, sai mutane su fassara hakan da kar ya yi komai, alhali tafiya da tashi-zauna daga kujera da daga kafa duk suna cikin abinda ake so ya rika yi kullum, a rika karawa kadan-kadan. Kuma tsufa baya hana tsoka amsawa, a 1990 Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston sun sa mutum 10 mazauna gidan kula da tsofaffi, masu shekara 86 zuwa 96, atisayen daga nauyi da kafa na sati 8, tara da suka kammala karfin kafarsu ya kusa ninkawa uku. Wanda aka yiwa aikin ciki ba zai fara da irin wannan ba sai likitansa ya duba dinkin ya bada izini, yawanci a zuwansa asibiti na bayan sati 6, kuma a wannan zuwan ya dace a auna nauyinsa da damkarsa a ga yadda yake tashi daga kujera, ba a daga riga a kalli tabo kawai ace ya warke ba.